Shekarar da Auta Ta Koya Mana Cin Anza

Jiya da hantsi ina zaune gindin danga ina tsince tsakuwa daga cikin wake, sai na ji ƙarar mari. Matar jikana ce ta ɗauke ƴar ɗiyarta da tafi, yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta fara zubarwa ba. Laifinta kuwa, ta tarar da wanta yana ɗaure akuya da irin ƙullin da ke shaƙe wuya, ta tsuguna tana nuna mishi yadda ake yi. Uwar ta ce mata, "Yaushe aka yanke miki cibi har za ki koya ma na gaba da ke?" Yarinyar ta saki igiya, ta yi shiru, ta koma bayan rumbu. Ni kuwa tsintar wake ta gagare ni. Na ajiye ƙwarya gefe, don na san irin shirun nan. Ni ma na taɓa sa wata ƙaramar yarinya ta yi shi, kuma saura kaɗan ya ci ran uwarmu.

Mu ba ƴan nan ba ne tun asali. Daga Gulbi iyayenmu suka taso suna gudun yaƙi, suka wuce Kornaka, suka yi ta nausawa arewa har suka tarar da wata tsohuwar rijiya cikin dajin nan na Dakoro, suka yashe ta, suka kafa bukkoki. Gidajen ba su kai goma ba. Manoma ne na gaske, sun san hatsi, sun san gujiya, sun san kowane ganye na fadama da sunansa, amma wannan daji na rairayi da ƙaya baƙo ne gare su. Ina buɗe ido na tarar da mu a nan. Abin da kunnena ya fara riƙewa shi ne kukan icen bakin rijiya in igiya tana gogarsa, da luguden mata uku a turmi guda, da kurciya da ba ta gajiya da maimaita magana ɗaya. Mu ƴan mata tun da safe muna kan aiki. Mu share gida, mu tafi ƙirare, mu kori tsuntsu daga gona, mu goya ƙannenmu har bayanmu ya yi kanta. Ba wanda ya ce mana sannu, mu ma ba mu san ana cewa ba.

Amma in rana ta take, manya suka kishingiɗa, lokacin namu ne. Akwai wata babbar aduwa tsakanin gari da rijiya, nan muke taruwa mu yi wasan Iya. Ga yadda yake. Cikin yaran da suka iya magana, a nemo ƙarami, mace ko namiji, a kifa mishi tsohon faifai a ka. Daga nan ya zama Iya. Kowa ya zauna ƙasa ya naɗe ƙafa, ko da ya isa riƙe hauya, ko da ta fara ƙirgar dangi. Iya ta koya mana abin da ta gani ana yi, mu kuma mu bi, mu ce "To, Iya." Wata ta koya mana tatsar akuya da yatsun hannunta, wata ta koya mana yadda ake gaida suruka, tana sunne kai tana maƙale murya har mu yi ta birgima don dariya. In Iya ta yi kuskure ba a gyara mata sai ta cire faifai. Wani lokaci iyayenmu mata su yi tsaki su ce ɓata rana ne, sai kakarmu ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Ku bar su. Ku in kun ga ana abu, cewa kuke kun sani, ku wuce. Su tsayawa suke su kalla har a gama."

Yanzu ina aduwa, ina faifai? Tun da mahara suka fara ɗauke yara a bakin gonaki, aka kewaye gari da ƙaya, ba yaron da ke wuce shinge sai da babba. Suna cikin gida ƙarƙashin idon uwaye tun safe har yamma, ana aikensu, ana tsawata musu. Ƙarami ba ya buɗe baki sai in amsa kira zai yi. Na kan zauna in kasa kunne da tsakar rana ko zan ji an ce "To, Iya," sai dai kukan jaki. Ga shi bana ma ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi kai ba, kuma na duba cikin jikokin nan da tattaɓa-kunne ban ga wanda ya san abin da zan faɗa muku ba.

A wancan zamani akwai wata tsohuwar Buzuwa da ke zaune kusa da rijiya cikin bukkar tabarmi, ita da awakinta. Hausarta a karye take, tana ce ma mace "kai", ta ce ma namiji "ke". Manyanmu suna gaisawa da ita daga nesa, suna musayar hatsi da nono, iyakarta ke nan. Ƙanwata kuwa, autar ɗakinmu, wadda ba ta wuce shekara shida ba kuma ba ta isa kowane aiki ba, can take yini. Ta zauna gaban tsohuwa ta zuba tagumi, ba ta tambaya, tsohuwa ba ta kore ta.

Duk ranar da faifai ya faɗo kan Auta, abu guda take koya mana. Ta tara ƴan tsakuwoyi cikin tsingaro ta ce ƴaƴan anza ne, wannan icen mai ɗaci da ko akuya sai ta rasa abin ci take taɓa shi. Ta canza murya ta koma ta tsohuwa. "Kai, zuba ruwa. Kai, kwanta barci." Mu kwanta. "Kai, tashi, zubar." Mu tashi mu yi kamar mun zubar. Ta ɗauko zaren kaba ta yi ƙulli guda. Sa'annan a sake, zuba, kwanta, tashi, zubar, ƙulla. Ba waƙa, ba abin dariya. Ni lokacin ina da shekara goma sha ɗaya, ina jin kaina, na iya tuƙa tuwo. Ran nan da ta kai ƙulli na uku sai haƙurina ya ƙare. Na miƙe na fizge faifan daga kanta, abin da ba a yi.

Na ce, "Ke mi kika sani? Kullum abincin awaki! Mu ƴan Gulbi ne, hatsi muke ci."

Yara suka kwashe da dariya. Auta ta ce, "Yaya, ba a gama ba." Na ce an gama. Ta dubi zaren kabar da ke hannunta, ta yar da shi, ta tafi. Daga ranar ko an miƙa mata faifai sai ta noƙe kafaɗa.

Damina ta biyo baya ta yi gardama. Aka yi shuka sau uku, sau uku rana ta ƙone ta, ɗan abin da ya tsira fara ta sauka ta lashe. Rumbuna suka koma sai ƙaiƙayi. Tsohuwar Buzuwa ta naɗe tabarminta ta kora awakin da suka rage ta yi wajen Tarka, ba mu ƙara ganinta ba. Baba da sauran maza suka ɗaura wa jakuna mangala suka yi kudu neman hatsi, suka ce kwana ashirin. Wata ya mutu, wani ya tsaya ya mutu, shiru. Aka bar mata da yara da tsofaffi biyu. Muka ci tsabar ƙarangiya har yatsunmu suka kumbura da ƙaya. Muka tone gidajen tururuwa muka ƙwace abin da suka tara. Muka ci ganyen jiga, muka tsotsi ƙaro. Luguden nan ya mutu, gari ya yi tsit, yara suka daina kuka don kuka ma ƙarfi yake so. Abu guda ne ya rage kore shar a dajin, ɗauke da ƴaƴa har rassa na sunkuyawa: anza. Kowa ya ji ana cewa Buzaye na cinta. Ba wanda ya san yadda suke yi.

Inna ce ta fara gwadawa. Ta tsinko, ta shanya, ta ɓare, ta jiƙa kwana biyu. Amma Inna mutuniyar kirki ce mai tattali, kuma rijiyar nan ta ja baya ƙwarai, sai mata huɗu sun kama igiya sun yi tafiya da ita kafin guga ya fito da rabin ruwa rabin laka. Tulu guda kowane gida ke samu a yini. A wurin Inna zubar da ruwa ƙasa zunubi ne. Cikin ruwan da ta jiƙa, cikinsa ta dafa. Mu muka lasa muka tofar. Ita ta runtse ido ta cinye ƙoƙo guda, wai ta nuna mana ba komai. Kafin la'asar tana amai, tana zawo, tana riƙe ciki tana murƙususu a tsakar gida. Jikin da dama ba komai cikinsa. Kwana biyu ta kasa tashi. In na ba ta jiga ta dawo da ita, ƙarangiya ta dawo da ita. Ruwa kaɗai ke zama, da ɗan ƙaro a ciki.

Gwaggo, yayar Baba, wadda gidanta ke jikin namu, ta leƙo ta dube ta ta ce, "In ba ta sami abu mai nauyi ya zauna mata a ciki ba, ku fara neman wanda zai yi haƙa." A gabanmu ta faɗa.

A nan tsakuwoyin Auta suka faɗo mini a rai. Na same ta bayan ɗaki tana tsotsar yatsa, cikinta ya yi gaba, gashinta ya yi ja. Na kama kafaɗunta na girgiza. "Yaya tsohuwa ke yin anza? Faɗa mini! Kwana nawa? Mi take sawa?" Gwaggo ma ta tsaya kanta tana daka mata tsawa. Yarinya ta ɓare baki, ba hawaye, ta ce ba ta sani ba, ba ta sani ba. Kuma na ga da gaske take. In ka tsare ta da tambaya, ba komai a kanta. Abin a hannunta yake da muryar tsohuwa, kuma ni na rufe ƙofar.

Na shiga ɗaki na ɗauko faifan Inna, ba tsohon na wasa ba, wanda take bakace da shi. Na ja Auta muka tafi gindin aduwa, rana na dukanmu, muna tafiya muna hutawa. Na zuba ƴaƴan anza na gaske a gabanta. Na kifa mata faifai. Na zauna ƙasa na naɗe ƙafa. Wallahi ban taɓa jin nauyin kalma irin na ranar ba.

Na ce, "Iya, koya mini."

Ta dube ni ta ƙarƙashin faifai. "Za ki ƙwace."

"Ba ni ƙwacewa."

"Za ki ce abincin awaki."

"Iya, ni ce akuyar. Koya mini."

Ta daɗe tana wasa da yatsun ƙafarta. Can sai ta gyara zama, ta turo leɓe kamar mara haƙori, muryar tsohuwa ta fito. "Kai, wawa. Fasa shi biyu tukuna." Ashe ana raba ƙwayar, Inna ba ta raba ba. "Kai, tafasa, zubar. Ruwan fari mugu ne, kar akuya ya sha." Sa'annan sabon ruwa, da toka cikin tafin hannu. Kowace safiya a zubar, a sake sabo, a yi ƙulli. Na ce ƙulli nawa, Iya? Ta harare ni, don ba a katse Iya. Ta ci gaba, zuba, kwanta, tashi, zubar, ni kuma ina kwantawa kan rairayi mai zafi ina tashi, mu biyu tak, uwarmu tana can tana mutuwa. Ta wuce na uku inda na taɓa tsayar da ita. Ta yi na huɗu, na biyar. Ta buɗe hannu guda ta ƙara ɗan yatsa. Shida. Ta ce, "Sannan ka taɓa da harshe. In ya cije ka, ƙara kwana."

Kwana shida. Na dubi wajen gida, inda Inna ke kwance.

Muka fara. Tulun da nake samu na raba shi biyu, rabi na sha, rabi na tukunya. Safiyar farko da na ɗauki tukunya na tsiyaye ruwan a bayan danga, rairayi ya shanye shi nan take, Gwaggo ta fito tana salati.

"Ke ɗiyar ga, hauka kike? Mata huɗu suka ja ruwan ga! Hannuna duk ya tsage!"

Na ce, "Gwaggo, haka ake yi."

"In ji wa?"

Na nuna Auta, tana tsugune tana ƙulla kaba, faifai a ka, don ta ƙi cire shi.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Yau na ga ta kaina. Gidan ƙanena ya koma hannun mai fitsarin kwance. To malama, in an gama sai a aiko mana da tubarraki."

Auta ba ta ɗago ba. Da muryar tsohuwa ta ce, "Kai, matsa, ka tare mini rana." Gwaggo ta koma gida tana faɗa da danga.

Ƙulli na biyu, na uku. Ruwan da nake zubarwa yana fita da kumfa, launinsa kamar na jiƙon ɓawo. Leɓunanmu suka tsattsage don ƙishirwa. Inna tana ƙara shigewa cikin tabarma. Ina ɗiga mata ruwan ƙaro da ludayi, rabi ya shiga, rabi ya bi gefen baki.

Ranar ƙulli na huɗu da hantsi na shiga ɗaki, Inna ta buɗe ido ta kira ni da sunana. Ni ce ɗiyarta ta fari. Tun da ta haife ni bakinta bai taɓa kama sunana ba, ko a bayan idona, "ke" ce ko "yarinyar nan". Ranar ta faɗe shi ɓaro-ɓaro har sau biyu, tana kallon bayana kamar wata take gani. Gwaggo tana bakin ƙofa, ta ji. Wannan karon ba faɗa a muryarta. Ta ce a hankali, "Ɗiyata, ba ta kai jibi. Ɗebo abin nan ki dafa mata. Ko mi ya rage na ɗaci, ya fi ta tafi da ciki wayam."

Na fita da gudu na nufi tukunya. Na tarar Auta ta riga ni. Ta haye kan murfin ta zauna, ta rungume gwiwoyinta, ƴar mitsitsiya, ƙasusuwa a waje.

"Tashi."

"Saura biyu."

"Auta, Inna za ta mutu! Tashi, ko in kakkarya ki!"

Na ɗaga hannu. Ta runtse ido ta dafe faifan da hannu biyu, ba kanta take karewa ba, faifan take riƙewa. Ta ce da muryarta ta gaske, ƴar siririya, "Yaya, kin ce ba ki ƙwacewa."

Hannuna ya tsaya a sama. Sai ta ɗan gusa, ta zura hannu ƙarƙashin murfin ta zaro ɓarin anza guda ta miƙo mini. Na sa a baki na tauna. Da fari ba komai, kamar ɗanyen wake. Sai ɗacin ya taso daga baya ya kama mini maƙogwaro, cikina ya murɗa, yawu ya cika mini baki. Ni da ke tsaye da ƙafata ke nan. Na tofar, na durƙusa gaban tukunya na kifa kai a ƙasa na yi kukan da ban san ina da ƙarfinsa ba. Gwaggo ta zo kaina tana cewa in uwarku ta cika, ke kika kashe ta, ke da wasanku. Na tashi na tsiyaye ruwa na zuba sabo.

Kwana biyun nan ba ni iya ba da labarinsu. Na san dai ina sa bayan hannuna kusa da hancin Inna in ji ko akwai iska. Na san ranar ƙulli na biyar tulunmu ya ƙare tun kafin azahar, sai ga Gwaggo ta shigo da rabin nata, ta dire gaban tukunya ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Tun da an fara haukan, a ƙarasa shi."

Safiya ta shida Auta ta yi ƙulli, ta buɗe tukunya. Ruwan ya kwanta garau. Ta ɗauki ɓari guda ta tauna, ta tauna, mu muna kallon bakinta, ni da Gwaggo da wasu mata uku da suka taho jin ƙarshen abin. Ta haɗiye. Ta jira. Ta ce, "Bai cije ba."

Na dafa shi har ya yi laushi, na murje da ludayi, na dama da ruwa. Gwaggo ta tallafo kan Inna. Cokali na fari ya tsaya mata a baki har na ce shi ke nan, sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Na biyu. Na uku. Na kai hannu zan ƙara, Auta ta riƙe ƙoƙon. "Kai, isa. Mai yunwa kaɗan-kaɗan." Muka zauna muna jira mu ga ko zai dawo. Inuwar ɗaki ta janye daga ƙofa ta koma gindin bango, ta fara fita ta ɗaya gefen. Bai dawo ba.

Wajen la'asar Inna ta buɗe ido. Ta dube ni, ta kau da kai irin yadda ta saba, ta ce, "Ke, akwai saura?"

Na miƙa hannu wajen ƙoƙo. Auta ta janye shi ta ɓoye a bayanta, faifai ya zamo mata har kan hanci. Ta auna cokali biyu, ta ba Inna da hannunta, ta rufe sauran ta zauna a kai.

Inna ta lashe leɓe, ta daɗe tana kallonta. Sai ta ce, da ƴar muryar da ta rage mata, "Wannan tsohuwa akwai rowa."

Ta juya ta yi barci, muna jin numfashinta daga bakin ƙofa.